Gadon jini: inda lissafin akwati huɗu ya tsaya

Tun da gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024, lissafin nan na akwati huɗu ya shiga bakin kowa. AS ya auri AS, sai a ce ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Ma'aikatan asibiti na zana shi a bayan kati, iyaye mata sun haddace, liman kan tambayi takarda kafin ya ɗaura. Wannan alheri ne babba a ƙasar da ake ƙiyasta tana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara.

Matsalar ita ce mun ɗauki akwatin nan mun mayar da shi mudun auna kowane irin gado. Yaro ya fito fari tas alhali iyayensa baƙaƙe ne, sai a fara ƙus-ƙus a ɗakin suna. Rukunin jinin ɗa ya saɓa da na uba, sai gida ya ɗauki zafi. Mace ta jera 'ya'ya mata biyar, dangin miji su ce ai jininta ne ya fi ƙarfi. Duk waɗannan hukunce-hukunce daga tunani guda suke fitowa, wai kowace siffa ƙwaya ɗaya ce ke riƙe da ita, mai fuska biyu, ɗaya mai rinjaye ɗaya mai laɓewa. Siffofin ɗan Adam da suke tafiya a kan wannan tsari kaɗan ne. Mafi yawansu hanyarsu daban ce.

Asalin akwatin daga lambun wani malamin coci ne mai suna Gregor Mendel, a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa auren shukokin wani irin wake da ake kira fis, yana ƙirga abin da ya fito. Ya barbari dogo da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Ya bar 'ya'yan suka barbari kansu, sai gajartar ta dawo a jikoki, ɗaya cikin huɗu. Ya wallafa sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900 wasu masana uku suka sake tono shi bayan ya daɗe da rasuwa. Amma siffofi bakwai kacal ya bi, kuma da gangan ya zaɓi waɗanda ba su da tsaka-tsaki: ƙwayar waken ko dai mai santsi ko mai tamoji, ko rawaya ko koriya. Hikimarsa ke nan, domin da ya fara da abu mai sarƙaƙiya da bai ga komai ba.

Abubuwa biyu ne a cikin aikinsa, kuma cakuɗa su shi ke jawo ruɗani. Na farko yadda ake miƙa gado. Kowane mutum yana da zaruruwan gado 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, ɗauke da ƙwayoyin gado wajen 20,000. Kowace ƙwaya yana da ita biyu-biyu, kuma ɗaya daga cikin biyun yake miƙa wa ɗansa, ba tare da ya zaɓa ba. Wannan ɓangaren yana nan daram. Na biyu shi ne yadda abin da aka miƙa yake bayyana a jiki. A nan ne maganar "wannan ya rinjayi wancan" ta yi wa gaskiya kaɗan.

Sikilar da muka fi sani ita kanta ta isa shaida. Ana koya mana cewa S mai laɓewa ce, A ta danne ta, shi ya sa mai AS yake lafiya lau. In kana duban mutum a tsaye ne, yana noma yana kasuwanci ba ya kwanciya asibiti, haka ne. Amma shiga ɗakin gwaji ka tsaya kusa da mai aikin. Zai ɗiga jinin a gefen wata 'yar takarda mai laima, ya sa ta a na'ura ya kunna wuta. Bayan ɗan lokaci sai sinadarin jan jini, wato himogulobin, ya ja jiki a kan takardar. Nau'in A ya fi sauri, sai ya yi gaba, S ya biyo a baya. Jinin mai AA layi ɗaya yake bari, na mai SS ma layi ɗaya a wani gurbin, na mai AS kuwa layi biyu ne ɓaro-ɓaro. Babu wanda ya danne wani. Kowace ƙwayar gado ta yi aikinta, jikinsa yana ƙera duka biyun, kimanin kashi 60 na A, kashi 40 ko ƙasa da haka na S. A wannan matakin tafiya suke kafaɗa da kafaɗa.

Sai kuma ka duba ta fuskar zazzaɓin cizon sauro. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga maleriya, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar daga maleriya mai tsanani ta kai wajen kashi 90 cikin ɗari. Ta wannan fuskar S ce mai rinjaye, tunda ƙwaya ɗaya ta isa ta yi tasiri. Dalilin da ya sa ta yawaita a ƙasashenmu ke nan, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ita: sauro ya yi dubban shekaru yana kwashe yara, masu AS suna tsallakewa. Ga kuma mataki na huɗu. Idan mai AS ya gamu da matsanancin ƙishirwa da wahala fiye da kima, ko ya hau tsauni mai tsawo inda iska ta yi ƙaranci, wasu ƙwayoyin jininsa kan lanƙwashe kamar na mai sikila, wani ma yakan ga jini a fitsari. Ba kasafai ba ne, amma yana faruwa. Ƙwayar gado ɗaya ke nan, ta laɓe a nan, ta yi kunnen doki a can, ta yi rinjaye a wani wurin. Amsar ta danganta da inda ka tsaya kana kallo.

Shi kansa Carl Correns, ɗaya daga cikin ukun da suka farfaɗo da aikin Mendel, bai yi nisa ba ya ci karo da irin wannan. Ya haɗa wani fure ja da fari, 'ya'yan suka fito ruwan hoda. Ƙwayar ja guda ɗaya ba ta iya samar da launin da zai cika furen ba, sai ya tsaya a tsakiya. Da aka haɗa masu ruwan hodar da junansu, ja da fari suka dawo tsaf, alamar cewa ƙwayoyin ba su narke cikin juna ba.

Wani abin da akwati huɗu ke ɓoyewa shi ne ƙwayar gado ba dole fuska biyu kawai take da ita a cikin al'umma ba. Mutum ɗaya biyu yake ɗauka, amma nau'o'in da ke yawo a gari suna iya yin yawa. Bayan A da S akwai C, wadda ta fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, ana kuma samunta a Najeriya da Nijar. A takardar gwaji ita ce ke can baya, ba ta cika motsawa ba. Mai AC lafiyarsa ƙalau, shi ya sa wasu ke cewa "ai ba AS ba ne, a ɗaura." Kuskure ne mai tsada. AC ya auri AS suna iya haifar SC, kuma SC sikila ce. Sau da yawa ta fi SS sauƙi, amma tana taɓa ido da ƙashin ƙugu, tana kuma wahalar da mace lokacin goyon ciki. Akwai kuma wata tawaya da ake kira beta talasimiya, wadda mai ɗauke da ita kan fito kamar AA a gwaji na gama-gari, alhali in ta haɗu da S a jikin ɗa sikila ce za ta bayyana. Saboda haka in aka ga ɗa mai sikila a gidan da takardar uba ta ce AA, abin da ya kamata a fara tuhuma shi ne gwajin. Ana yin kuskure a ɗakunan gwaji, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan sakamakonsa kan rikice, wasu kuma, sai dai a yi haƙuri da faɗa, sayen takardar suke yi.

Rukunin jini, wanda mutane da yawa ke rikita shi da jinotaif, wato su AA da AS da SS, shi ma nau'i uku ne: A, B da O. Karl Landsteiner ya gano rukunan a Biyana a 1901. A da B kowannensu yana rinjayar O, amma in suka haɗu ba mai bar wa wani, sai a sami AB. Uba mai rukunin A yana iya kasancewa yana ɗauke da O a laɓe, uwa mai B ita ma haka. Irin wannan gida suna iya haifar A, su haifi B, su haifi AB, su haifi O, ɗaki ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗa bai zama dole ya yi rukunin ɗaya daga cikin iyayensa ba.

Har ma akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. A 1952 wani likita a birnin Bombay na Indiya, Y. M. Bhende, ya gamu da mutanen da gwaji ke nuna su O ne amma jininsu ba ya karɓar na O. Ashe kafin jiki ya ƙera alamar A ko B a bayan ƙwayar jini, sai wata ƙwayar gado ta daban ta fara kafa tushen da za a ɗora alamar a kai. Waɗannan mutane tushen ne babu. Mutum yana iya gadon A lafiyayya, amma ba inda za ta zauna, sai ya fito kamar O. In ya auri mai tushen, ɗansa ya gaji A ɗin nan ta bayyana. Sai ka ga iyaye biyu masu O a takarda sun haifi mai A, abin da littafin sakandare ya ce ba ya yiwuwa. Abu ne mai wuyar samu ƙwarai, ko a Bombay kusan mutum ɗaya cikin 10,000 ne, amma ya nuna wata ƙa'ida mai faɗi: ƙwayar gado tana iya rufe wa wata baki daga wani wurin daban.

Tunda muna kan jini, bari in ɗan ratse zuwa ga alamar nan ta "fositif" da "negatif" da ke manne da rukuni. Gadonta mai sauƙi ne, fositif ke rinjaye. Amma illarta ba daga ƙwayoyin jaririn kaɗai take zuwa ba, daga haɗuwarsu da jikin uwa ne. Uwa negatif ta ɗauki cikin ɗa fositif, na fari yakan fito lafiya, amma jikinta ya riga ya ɗauki jininsa a matsayin baƙo ya tanadi makami. Ciki na biyu da na uku sai makamin ya far wa jinin jariri, a yi ta ɓari ko a haifi yaro da shawara mai tsanani. Daga cikin matan da ake kira masu wabi akwai waɗanda wannan ne kawai ciwonsu, kuma allura ɗaya cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana hana shi, in an yi ta kafin jikin uwa ya tanadi makamin. Duk mai ciki ya kamata ta san alamarta tun awon farko.

Mu koma ga masu SS. Duk wanda ya zauna da su ya san ba ɗaya suke ba. A gida guda za ka ga wa da ƙani, dukansu SS, ɗaya kusan duk wata yana gadon asibiti, ɗayan sai ya shekara bai kwanta ba. Canjin da ke haddasa cutar iri ɗaya ne a jikinsu, Vernon Ingram ya nuna a 1956 zuwa 1957 cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya a ginin himogulobin. Daga wannan ɗan canji ake samun ciwon ƙashi, lalacewar saifa, shanyewar ɓarin jiki tun ana yaro, gyambon ƙafa da matsalar ƙoda, wato ƙwaya ɗaya ta taɓa gaɓoɓi barkatai. To me ya bambanta wa da ƙani?

Babban dalili shi ne jinin jarirantaka. Ɗan tayi yana da nasa himogulobin na musamman, nau'in F, wanda ba ya lanƙwashewa, yana ma hana S lanƙwashewa. Shi ya sa jariri mai sikila yake fitowa garau, sai wajen wata shida, lokacin da F ya ja baya, a fara ganin kumburin hannu da ƙafa da kukan da ba ya tsayawa. Akwai wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, a kan wani kuromosom daban da na sikilar, wadda aikinta shi ne kashe F bayan haihuwa. Wasu sun gaji nau'inta mai sanyin aiki, sai F ɗinsu ya yi saura da yawa har girma, cutar ta zo musu da sauƙi. Masu sikila na gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya an san su da yawan F, kuma galibi ciwonsu bai kai na yankinmu zafi ba. Maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila ta wannan ƙofar yake bi, yana ɗaga F. Haka ma sabon maganin gyaran ƙwayar gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023: bai taɓa S ɗin ba sam, BCL11A ya je ya raunana domin jinin jarirantaka ya dawo. Ga kuma abin da ba na jini ba, gidan sauro, rigakafi, ruwan sha wadatacce, kusancin asibiti. Haruffa biyun da ke kan kati ba su faɗi yadda rayuwar yaro za ta kasance ba. Wannan ba dalili ne na yin sakaci da gwajin aure ba, domin ba wanda ya isa ya yi maka alƙawarin ɗanka zai faɗa cikin masu sauƙin. Kuma ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, sabo fil. Haihuwar mai sikila yau ba ta sayo wa uku na gaba lafiya ba.

Launin fata kuwa, wanda ya fi kowace siffa jawo zargi, ko kusa ba ya shiga akwati huɗu. Ƙwayoyin gado masu yawa ne suka yi masa taron dangi, kowacce tana ƙara ɗan duhu ko ta rage. Ka tuna marina a Ƙofar Mata: tsomi ɗaya shuɗi mai haske, a sake tsomawa ya ƙara duhu, a yi ta yi har ya koma baƙi mai sheƙi. Kowace ƙwaya mai ƙara duhu tsomi ɗaya ce. Uba wankan tarwaɗa yana ɗauke da masu duhu da masu haske a gauraye, uwa ma haka, kuma kowannensu rabi yake miƙawa. Wani ɗan ya dace da masu hasken ta ɓangarorin biyu, ya fi iyayensa fari. Ƙaninsa ya kwaso masu duhun, ya fi su baƙi. Yawanci dai a tsakiya ake faɗawa. Wani masani ɗan Suwidin, Herman Nilsson-Ehle, ya ga haka a launin ƙwayar alkama tun 1909: inda ƙwayoyin gado uku ke aiki tare, fara tas ɗaya ce kawai ke fitowa cikin 64, sauran ja ne hawa-hawa. Abin da ke zuwa sau ɗaya cikin 64 ba ya zuwa kullum, amma a gari mai dubban gidaje dole ya faɗo a gidan wani.

Musulmi ma bai kamata wannan ya zame masa sabon labari ba. Hadisi ya inganta daga Abu Huraira cewa wani mutum ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa matarsa ta haifi yaro baƙi, yana nuni da shakka. Aka tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce e. Wane launi? Jajaye. Akwai mai toka-toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta jawo shi. Aka ce masa to ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta jawo shi, ba a kuma ba shi damar kore yaron ba. Ina ganin duk wanda zai buɗe baki a kan launin jariri ya kamata ya fara tuna wannan hukunci.

Zabiya kuma wani babi ne. Yaron yana iya gadon duk ƙwayoyin duhun iyayensa cif, amma ƙwaya guda da ake buƙata wajen haɗa sinadarin launin ta zo masa a tawaye ta wajen uwa da ta wajen uba. Marinar tana nan, masu tsomi suna nan, baba ne babu a ramin. Iyayen biyu duk suna ɗauke da ita ba su sani ba, don haka ɗora wa uwa laifi jahilci ne. In zabiya ya auri wadda ba ta ɗauke da ita, 'ya'yansu da launinsu za su fito.

Tsawo ma haka yake tafiya, har ya fi. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya duba mutum miliyan 5.4, ya gano gurabe 12,111 a cikin DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ke da hannu a tsawon mutum, kowanne da ɗan tasirinsa da bai taka kara ya karya ba. A kan wannan kuma sai abinci ya yi nasa. Yaron da tamowa ta kama kafin ya shekara biyu sau da yawa ba ya kai tsawon da jininsa ya tanadar masa. Hawan jini, ciwon suga na manya da asma duk a wannan layi suke. Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, sauran kuma yana hannun gishiri, zaƙi, ƙiba da zaman wuri ɗaya.

Sai maganar namiji da mace. A cikin kuromosom 46 akwai biyu da ke yanke jinsi: mace XX, namiji XY. Uwa X kawai take da shi, shi take bayarwa kowane ciki. Uba ne ke ba da X a sami mace, ko Y a sami namiji, shi ma ba da zaɓinsa ba. Matar da aka yi wa kishiya don ta cika haihuwar mata an hukunta ta a kan abin da ko kusa ba ta hannunta ya biyo ba.

X babba ne mai ɗaruruwan ƙwayoyin gado, Y ɗan ƙarami ne. Saboda haka in X ɗin namiji ya zo da tawaya ba shi da na biyu da zai rufa masa asiri. Thomas Hunt Morgan ya fara ganin haka a 1910 a jikin wani ɗan ƙuda mai farin ido a jami'ar Kolombiya ta Amurka. A mutane, sanannen misali shi ne ciwon rashin daskarewar jini da ya bi zuriyar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ita lafiyarta ƙalau, ɗanta Leopold ya rasu da shi a 1884, 'ya'yanta mata biyu kuma suka kai shi gidajen sarautar Jamus, Sifen da Rasha. Uba mai ciwon ba ya ba ɗansa namiji, tunda Y ya ba shi, amma duk 'ya'yansa mata sun ɗauka, sai ya ɓullo a jikoki maza. A wajenmu sau da yawa ranar kaciya ko cire beli ake ganewa, jini ya ƙi tsayawa. In an taɓa ganin haka a wajen kawun yaro, ɗan'uwan mahaifiyarsa, to a faɗa wa likita kafin wanzami ya zaro aska.

Wanda ya fi wannan yawa a cikinmu shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke jikin mutum wajen miliyan 400 a duniya, kuma shi ma maleriya ce ta yawaita shi a Afirka. Mai shi yana iya rayuwa har tsufa bai san yana da shi ba. Sai ranar da ya sha wani magani irin su firimakwin, ko aka sa wa jariri kayan da aka adana da ƙwallayen kafur, ko aka shafe shi da lalle, jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi. Gadon yana nan tun ran haihuwa, amma sai da wani abu daga waje ya taɓo shi. Mata ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Mary Lyon ta bayyana a 1961 cewa a kowace ƙwayar halittar jikin mace X ɗaya ne ke aiki, ɗayan a kashe yake, kuma wanda za a kashe ba tsari. Wata macen sai ya zamana lafiyayyen ne aka fi kashewa a jininta, ta nuna ciwon kamar namiji.

Akwai kuma siffar da ake gada amma ta ƙi fitowa. Cindo misali ne da kowa ya sani, ɗan yatsan nan na shida da ke reto a gefen ƙaramin yatsa, wani lokaci da ɗan farcensa, maƙale da siririyar fata. Ya fi yawa a baƙar fata nesa ba kusa ba, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta kawo shi. Duk da haka za ka ga kaka yana da shi, uba hannunsa biyar-biyar, jika ya zo da shi. Uban ya gada ya kuma miƙa, a jikinsa ne kawai bai fito ba. Wani a hannu ɗaya, wani a duka biyu, wani ɗan tsiro kawai kamar ƙurji. Akasin haka ma na faruwa, siffa ta bayyana ba tare da kowa ya gadar ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu nau'in wadanci da ya fi yawa iyayensu masu tsawo ne, canjin sabo ne da ya auku a ƙwayar haihuwa, kuma ya fi faruwa in uba ya manyanta.

Wasu hanyoyin biyu sun karya ko da ƙa'idar rabi daga uwa rabi daga uba. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu 'yan injinan samar da ƙarfi da ake kira mitokondiriya, masu nasu ɗan DNA mai ƙwayoyin gado 37, kuma daga uwa kaɗai ake samunsu. Cutar da ke cikinsu uwa na iya ba duk 'ya'yanta, uba ba ya ba kowa. Ɗaya hanyar kuma, akwai ƙwayoyin da jiki ke duba daga wa suka zo kafin ya bar su su yi aiki. In wani ɗan yanki na kuromosom na 15 ya ɓace a wanda uba ya bayar, yaro kan taso da raunin jiki da yunwar da ba ta ƙoshi. In wannan yankin dai ya ɓace a na uwa, cuta ce daban, mai hana magana da kawo farfaɗiya.

Yawancin wannan ilimi a jikin Turawa aka tattara shi, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Gurabe 12,111 ɗin nan na tsawo sun bayyana kusan kashi 40 cikin ɗari na bambancin tsawo a tsakanin Turawa, amma a sauran al'ummomi kashi 10 zuwa 20 kawai. Da aka je aka auna fatar mutane a Habasha, Tanzaniya da Botsuwana a wani bincike na 2017, sai ga ƙwayoyin launi irin su MFSD12 da ba a san aikinsu a fata ba a da. Don haka kamfanonin da ke tallar su duba yawunka su faɗa maka cututtukan da ke jiranka, hasashensu a kan Bahaushe ko Bafulatani ya fi rauni sosai a kan wanda suke yi wa Bature, ga shi kuma kuɗin da suke karɓa ɗaya ne.